Digiri na Biyu a Fannin Muhalli: Wace Ƙofa Ɗan Gammo Zai Ƙwanƙwasa?

Laccar da aka gabatar a Gammo, ƙaramar hukumar Kabo, ga ɗaliban yankin Kabo da Gwarzo da suka kammala digiri na farko



Ranka ya daɗe Dagaci, masu unguwanni, malamanmu limamai, iyayenmu maza da mata, da ku ƙannena ɗalibai, barkanku da zuwa. Na ga fuskoki daga Garo da Gude da Godiya, na ga na Getso da Kutama da Lakwaya. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mayar da ku gida lafiya.

Tambaya guda masu shirya taron nan suka ba ni: wanda ya gama digiri na farko, ya yi hidimar ƙasa, yana son ƙaro karatu a fannin muhalli, ina zai nufa? Yawancin masu zuwa neman shawara a kan wannan da "Malam, wace jami'a ce ta fi suna?" suke farawa, ko kuma "Wace ƙasa ce ke ba da sikolashif bana?" Ni kuwa so nake kowannenku ya fara tambayar kansa: idan na ƙarar da shekara biyu ko uku a karatun nan, me zan iya aunawa da hannuna wanda yau ban iya ba, kuma wa yake bukatar a auna masa shi? A kan wannan tambaya duk maganata ta yau ta rataya.

Dalili kuwa shi ne fannin muhalli faɗi gare shi. A ƙarƙashin suna ɗaya akwai mai nazarin ƙasar noma, akwai mai ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa, akwai mai daji da itatuwa, mai hasashen yanayi, mai gwada guba a ruwa da abinci, mai tsara gari, mai doka, mai tattalin arziki. Wanda ya ce zai karanta muhalli bai faɗi wanne ba, tamkar uba ne ya kai ɗansa birni ya ce a koya masa sana'a, bai ce ƙira ba, bai ce ɗinki ba, bai ce gini ba. Yaron zai dawo ya san sunan kowane kayan aiki, amma ba mai damƙa masa aiki ya juya baya. Na sha haɗuwa da masu digiri na biyu da za su yi maka sa'a guda suna bayanin sauyin yanayi da ci gaba mai ɗorewa, amma ka miƙa musu kwalbar ruwan rijiya ka ce ko yara za su iya sha, sai su yi shiru. Abin yana min ciwo, domin sau da yawa sa aka sayar, ko aka jinginar da gona, kafin a biya kuɗin makarantar.

To, mu dubi ƙasar da muke zaune a kanta, mu ga abin da ke jiran mai aunawa.

Yammacin Kano ƙasar madatsun ruwa ce. Tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, aka ɗauki manufar tare ruwan damina domin sha da noman rani. An gama madatsar Tiga a 1974. Nan kusa da mu ga Guzuguzu ga Magaga, ga Watari a Bagwai, ga babbar madatsar Challawa a Karaye da aka kammala a 1992. Kowace damina ruwan da ke gangarowa daga gonakinmu yana kwasar ƙasa, ya kai ta cikin dam ya ajiye. Asara biyu ke nan: gona ta rasa ƙasarta ta sama mai albarka, dam ya rasa cikinsa. Nawa laka ta cinye daga Guzuguzu? A wane wata ruwa yake ja da baya har injin mai tumatir ya kasa kaiwa? Da kwalekwale ake amsa wannan, da na'urar auna zurfi, da tsofaffin taswirorin injiniyoyin da suka yi ginin, kuma digiri ne sukutum. Ruwan da muka tare a nan ma yana da masu jiransa a gaba. Challawa yana haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, su bi har fadamun Haɗeja da Nguru, inda ciyawar kachala ta toshe magudanai bayan madatsun sun sauya yadda ruwa ke tafiya. Ɗan Kabo da ya karanci ruwa da kyau, aikinsa zai taɓa masuncin Nguru da bai taɓa gani ba.

Ba ruwan dam kaɗai ba. Ga rijiyoyin burtsatse da ake ta haƙawa, masu bukatar wanda zai riƙa auna zurfin ruwansu rani da damina. Ga maganin feshi da muke zuba wa kayan lambu da wake, wanda ragowarsa ke bin ruwa da abinci. Ga kwazazzabai da ke cin gonaki da hanyoyi, ga ɗiban yashi a rafuka, ga ƙuduji a gonar dawa, ga buhunan gawayi a bakin titi. Kowanne cikinsu yana da sashen jami'ar da ya dace da shi, kuma ba sashe ɗaya ba ne.

Zan ɗan tsaya a kan wani mutum, domin aikinsa ya nuna irin karatun da nake yi muku sha'awa. Michael Mortimore, Bature ne ɗan Ingila, ya zo koyar da ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986, ya rasu a 2017. A zamaninsa, abin da masana da yawa suka yarda da shi shi ne: inda jama'a ta yi yawa a ƙasa mai ƙarancin ruwa, dole ƙasa ta mutu, itatuwa su ƙare, hamada ta shigo. Shi kuwa sai ya fita ya duba. Ya bi karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda gona ke manne da gona babu saura, ya ga manomi yana noma fili ɗaya shekara da shekaru bai bar shi ya huta ba, amma yana ciyar da shi da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke ɗaukowa a mangala. Ya ga harawar wake da ta gyaɗa suna komawa wurin tumaki da awaki, takinsu ya dawo gona. Shi da abokan aikinsa, ciki har da J. A. Falola na Bayero, suka ƙidaya itatuwan gona a binciken itacen girki na Kano da aka buga a 1990, suka tarar manoma suna tsare ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo domin dukiya ce mai mai ita. Ya kuma yi shekaru yana komawa ƙauyen Dagaceri, da ke jihar Jigawa a yanzu, yana bin yadda mutane suka tsallake farin shekarun 1970 da na 1980, ya fitar da littafi a kan haka a 1989.

Abin da ya ba aikinsa nauyi shi ne ƙidaya, da komawa wuri ɗaya shekara bayan shekara, da sauraron manomi. Amma ku lura: waɗannan alƙaluma sun haura shekara talatin. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun ƙara tsagewa wajen rabon gado, babur da a-kori-kura sun maye gurbin jaki, sharar birni ta cika da leda, gawayi ya zama babbar kasuwa. Shin abin da ya gani yana nan? Bishiya nawa ce a kadada ɗaya ta gonar Gammo yau, kuma nawa ce cikinsu ƙarama mai tasowa? Ku kuna da abin da shi sai da ya sha wahala ya samu. Hausa harshenku ce, kun san gonar wane da ta wane, kuma tsoho zai faɗa muku abin da ba zai faɗa wa baƙo ba.

A Maraɗi ma an ga amfanin irin wannan dubawa da ƙidaya. An kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa suna mutuwa, sai a 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa tsiron da manoma ke sassabewa kowace bazara daga kututturan itatuwa masu rai yake fitowa. Aka fara barin 'yan rassa masu ƙarfi ana gyara su, abin da manoman can ke kira sassabin zamani. Bayan shekaru, da aka haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da binciken ƙafa, aka ƙiyasta cewa kimanin kadada miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Manoma ne suka yi aikin, amma sai da aka sami masu iya karanta hoton sama da ƙidaya a ƙasa kafin duniya ta gaskata.

Yanzu sai maganar ƙofofi. Mu mutanen wannan yanki Allah ya sauƙaƙa mana, domin duk wanda ya shiga mota daga Gwarzo ko Kabo zuwa birni sai ya wuce ta ƙofar sabuwar harabar Jami'ar Bayero, a kan titin nan namu na Gwarzo. A cikinta akwai Tsangayar Kimiyyar Ƙasa da Muhalli, mai sassan labarin ƙasa da kula da muhalli da ilimin duwatsu da tsara birane. Akwai kuma Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, wadda aka fi sani da CDA, da aka kafa a 2012, ta kuma shiga cikin cibiyoyin Afirka da Bankin Duniya ya tallafa wa. Tana ba da digiri na biyu da na uku, har da na kula da albarkatun ƙasa da sauyin yanayi, kuma za ka zauna aji ɗaya da ɗalibai daga wasu ƙasashen Afirka. Ga mai son ƙasar noma, itatuwan gona, kiwo da makiyaya, a ganina nan ya kamata ya fara leƙawa. A Kano kuma akwai ofisoshin cibiyoyin binciken noma na duniya, IITA da ICRISAT, kuma ɗalibin da malaminsa ke aiki tare da su yakan sami filin gwaji da kayan aiki.

Zariya ma ba nisa. Cibiyar binciken noma ta Samaru tun 1922 take, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen injiniyan ruwa da muhalli, wanda ya fi dacewa da mai tambayar dam da laka, in dai yana da tushen lissafi. Tana kuma cikin jami'o'i shida da ke ɗauke da shirin SPESSE, mai horar da masu duba ƙa'idojin muhalli da na jama'a a manyan ayyuka. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna. Akwai jami'o'in Wudil da Dutsin-Ma da Katsina da Sakkwato da Maiduguri, kowacce a bincika sashenta. Shirin karatu na WASCAL, da Jamus ke ɗaukar nauyinsa, yana da rassa a Minna da Akure da Yamai. A Yamai ɗin kuma akwai cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, mai horarwa a kan yanayi da ruwa da noma. Mai sha'awar can ya fara koyon Faransanci tun yanzu.

Akwai tarko guda da nake roƙonku ku kiyaye. Digiri na biyu iri biyu ne a jami'o'inmu. Akwai na bincike, wanda ake rubuta kundi a kare shi gaban malamai. Akwai na ma'aikata, wanda galibi ake yi a ƙarshen mako, ya fi tsada, ya fi saurin ƙarewa. Kowanne da amfaninsa, amma a jami'o'i da dama na ma'aikata ba ya kai mutum digiri na uku kai tsaye. Idan burinka koyarwa a jami'a ne ko bincike, ka tambayi wannan a makarantar karatun gaba da digiri kafin ka sayi fom, kuma ka ga amsar a rubuce cikin ƙa'idojinsu. Wanda sakamakonsa na farko bai kai ba, ko mai babbar difloma, ko mai son sauya fanni, yawanci sai ya bi ta diflomar gaba da digiri tukuna. Ba abin kunya ba ne, shekara ɗaya ce. Cikakkiyar takardar makinka ma ka fara nemanta daga tsohuwar makarantarka da wuri, domin ta hana mutane da yawa shiga a shekarar da suka so.

Amma abin da ya fi sunan jami'a da sunan kwas muhimmanci shi ne malamin da zai duba aikinka, sufabaiza kamar yadda kuke cewa. A digiri na farko makaranta ce ke riƙe da kai. A na biyu mutum ɗaya ne. Kafin ka cike fom, ka hau mota ka je sashen da ƙafarka. Ka shiga laburare ka ce a ba ka kundayen da ɗalibai suka rubuta a shekaru biyar da suka wuce, ka zauna ka buɗe su. Idan ka ga kusan duka takardar tambayoyi aka raba wa mutum ɗari ko ɗari biyu a kan ko sun san sauyin yanayi, babu ƙasar da aka ɗebo, babu ruwan da aka gwada, babu taswirar da aka zana, to kai ma abin da za a koya maka ke nan. Tambayar jama'a ilimi ne babba idan an iya ta, kun dai ji yadda Mortimore ya yi. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da ita mafakar wanda bai koyi komai ba. Ka leƙa ɗakin gwaje-gwaje ka ga ko na'urorin suna aiki, ko akwai wuta, ko ɗalibi ne ke sayen sinadaran da kuɗinsa. Sannan ka nemi ɗaliban da ke ciki, ka ja su gefe ka tambaya: malam wane yana karanta abin da aka kai masa? Wata nawa babi ke yi a teburinsa? Yana fita daji da ɗalibansa? Waɗanda suka shiga tare da ku, nawa suka fita? Ɗalibai ba sa ɓoye wa junansu irin wannan. Malami matashi mai aikin bincike a hannu da lokacin zama da kai ya fi maka babban suna da ba za ka gani ba sai sau biyu a shekara.

Ko wane sashe ka shiga, kada ka fito ba ka iya abu uku ba: zana taswira da kwamfuta da karanta hotunan tauraron ɗan'adam, ilimin ƙididdiga, da rubuta rahoton da wani zai karanta ya gane. Manhajar QGIS kyauta ce, hotunan Landsat ma kyauta ne a intanet, kuma sun koma baya har shekarun 1970. Ɗalibin da ke zaune a Gammo da kwamfutar tafi-da-gidanka zai iya ganin yadda bakin dam ɗin Magaga ya sauya cikin shekara arba'in. Ku fara koya kafin a ɗauke ku.

Ƙasar waje fa? Ban hana kowa ba. Wageningen da Delft a ƙasar Holan sun yi suna a noma da ruwa, kuma tallafin Commonwealth da Chevening da DAAD ƙofofi ne na gaskiya. Chevening yana neman shekara biyu ta aiki kafin a nema.  Gwamnatin Kano ma ta fara shirin tura ɗalibai 1,001 karatun digiri na biyu a 2023. Sai dai digirin Ingila na shekara ɗaya gajere ne, da wuya ya ba ka damina guda a gona. Idan ka samu, ka tafi da tambayarka daga gida, ka nemi malamin da ya san ƙasashe irin namu, ka roƙi a bar ka ka yi kundinka a kan nan.

Iyayena, na san abin da ke ranku: aiki. Ba zan yi muku alƙawarin abin da ba ya hannuna ba. Amma ga yadda filin yake. Bayan sharar guba da aka jibge a garin Koko a 1988, Najeriya ta kafa hukumar kare muhalli, sannan a 1992 ta yi dokar da ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Titi, dam, masana'anta, duk suna bukatar wannan rahoto, kuma kamfanoni masu zaman kansu ne ke rubuta shi. An kafa hukumar NESREA a 2007, hukumar shingen itatuwa na Sahel a 2015, aka sa hannu kan dokar sauyin yanayi a 2021. A ƙarshen 2021 ɗin Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. Guraben gwamnati kaɗan ne, shirye-shiryen nan kuma masu wa'adi ne. Wanda ake kira idan wani ya ƙare wani ya taso shi ne mai iya ɗebo samfuri, ya gwada, ya zana, ya rubuta. Ku tuna Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Abin da aka fi bukata a ƙauyukan nan shi ne mai gwada ƙasar tsakar gida da jinin yaro ya faɗi adadi.

Wannan ya kawo ni kan ƙannena mata. Rabin maganar muhalli a cikin gida take: hayaƙin murhu, itacen girki, ruwan randa, maganin da ake zuba wa wake a buhu, daddawa da man kaɗanya da kuɗinsu ke hannun mata. Namiji mai bincike a zaure yake tsayawa, ke kuwa har ɗaki za ki shiga. Ina roƙon iyaye da mazaje su ba da dama, tunda Bayero tafiyar yini ce a je a dawo.

Sai lissafin kuɗi da lokaci. Kuɗin rajista ba shi ne babba ba. Ku sa kuɗin mota zuwa wurin bincike, da na gwajin kowane samfuri, da na buga kundi. Ku sa yiwuwar jinkiri, kun ga yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ɗauka. Mai binciken gona kuma da damina yake tafiya: idan ba a amince da tsarin bincikenka kafin ruwan shuka ba, shekara ta wuce ka. Saboda haka duk mai niyyar neman gurbi a zango mai zuwa, ya rubuta tambayarsa a shafi ɗaya, da wurin da zai yi aikin, da abin da zai auna, ya kai wa malamin da yake so tun kafin a fara sayar da fom. Idan wurin a ƙasar nan ne, ya fara zuwa gaban Dagaci da mai unguwa ya nemi izini. Idan ya gama kuma, ya dawo ya karanta wa masu gonakin abin da ya samu da Hausa, ya bar kwafi ɗaya a sashen gona na ƙaramar hukuma.

Ranka ya daɗe, a nan zan dakata, domin na ga hannuwa sun fara tashi.